Kwana 118 a kan teku: tsakanin Maurice da Maralyn, wa ya riƙe wani?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya sai ƙarfe biyun dare na ajiye littafin nan da ƙanwata ta aro mini, har tuwon da na rufe wa maigida ya sandare ban ɗumama ba. Labari ne na gaske, wata 'yar jarida Sophie Elmhirst ta rubuta, ya fito a 2024, kan wasu mata da miji 'yan Ingila, Maurice da Maralyn Bailey. Shi ma'aikacin maɗaba'a ne, ita kuma ofishin haraji take aiki, a garin Derby, garin da ko ƙamshin teku ba ya ji. Suka sayar da gidansu, suka sa aka ƙera musu ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 31, suka haɗa sunayensu biyu suka raɗa masa Auralyn. A watan Yunin 1972 suka tashi daga Southampton da niyyar komawa Niyu Zilan da zama.

Sun ƙetare tekun Atlantika lafiya, sun bi ta mashigin Fanama a Fabrairun 1973. Ranar 4 ga Maris da asuba, suna kan hanyar tsibiran Galafagos da ke tekun Fasifik, sai suka ji wani irin karo kamar an jefo dutse. Ashe ƙatuwar dabbar tekun nan ce da ake kira wel ta bangaji jirgin ta huda shi ta ƙasa. Suka yi ta kwarfar ruwa, suka cusa barguna a ramin, ina! Cikin kamar awa guda jirgi ya nutse. Abin da ya rage musu ɗan tantin roba mai hurawa da ƙaramin kwale-kwalen roba, suka ɗaure su da igiya. A cikin wannan suka zauna har 30 ga Yuni, ranar da wani jirgin kamun kifi na Koriya ta Kudu, Weolmi 306, ya tsince su.

Abin da ya hana ni barci shi ne, matar nan ko iyo ba ta iya ba. Kuma ita ce ta riƙe mijin. Ina so mu yi maganar nan.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin mu je kan wa ya riƙe wa, ni tambayata ɗaya: uban me ya kai su? Kana da gida, kana da albashi, ka sayar ka sayi katako ka hau ruwa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Maman Ilham: Ai ba ka ji komai ba Baban Sadik. Da gangan suka ƙi ɗaukar rediyon da ake kiran agaji da shi. Ra'ayin mijin shi ne duk wanda ya zaɓi shiga teku don nishaɗinsa bai kamata ya sa wasu su sayar da ransu wajen cetonsa ba. Shi ya sa da jirgin ya nutse babu mahalukin da ya san inda suke.

Baban Sadik: To kin gani. Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne da girman kai. Ƙarshe dai wasu ne suka juya jirginsu suka ɗauke shi.

Malam Habu Gwammaja: Ina tare da Baban Sadik a wannan gaɓar kaɗai. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Amma a yi adalci, mutumin ba sakarai ba ne. Da ruwa ke shigowa bai manta da kamfas da na'urar auna tsayin rana ba, da su ya riƙa ƙiyasta inda igiyar ruwa ke kai su. Sai dai sanin inda kake ba ya kai ka gida.

Ɗan Yauri: Ku da kuke Kano ku yi haƙuri, ruwan da kuka sani na Tiga ne da na famfo. Ni a bakin Kwara na tashi, kakana basarke ne. Abin da ya fi ba ni tausayi a abin da Malam ya faɗa shi ne wannan sanin. Na taɓa jin labarin nan, sun ɗauki filafili sun yi ta tuƙi dare da dare don su kai Galafagos, ruwa na janye su ta wani gefen. Mai tuƙi ya san wannan baƙin cikin. Kana ganin gaɓa, kana zuba ƙarfi, kafaɗa kamar ta tsage, ka ɗaga kai ka ga bishiyar da ka sa wa ido tana ƙara nisa. A kogi aƙalla akwai bishiyar. Su ko ita babu, sai lissafi a takarda.

Anti Bilki Nas: Maman Ilham, me suka sha? Don ni nan hankalina ya tafi. Abinci mutum zai yi makonni babu, amma ruwa kwana uku zuwa huɗu jiki ya fara sallama, balle a tsakiyar rana kusa da tsakiyar duniya.

Maman Ilham: Sun tsira da 'yan jarkokin ruwa da abincin gwangwani, suna auna shi kamar magani. Da ya ƙare sai ruwan sama. Rufin tantin suke tara shi da shi ya zuba a bokiti. Wani lokacin ƙishi kamar su mutu, wani lokacin kuma ruwan saman ya yi yawa har ya zama masifa, su kwana suna kwarfa kada tantin ya cika. Ga shi robar ta huje, dole a riƙa ba ta iska da famfo dare da rana. Babu barcin kirki. Ɗaya na gyangyaɗi ɗaya na famfo.

Sadiya Ɗalibar Lissafi: Anti, don Allah ban gane ba. Suna kan ruwa, ko ɗan kurɓi ba za su yi ba?

Anti Bilki Nas: Ƙanwata, wannan kurɓin shi ke kashewa. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri kusan giram 35. Ƙodar mutum ba ta iya fitar da fitsari mai gishiri haka, sai ta ciro ruwa daga jikinki ta haɗa ta wanke shi. Kin sha kofi ɗaya, kin fitar da fiye da kofi ɗaya. Ƙishi ya ƙaru, ki ƙara sha, daga nan sai ruɗewa. Sannan gishirin ba ciki kaɗai yake ci ba. Mutum ya zauna wata huɗu a jiƙe kan roba, fata sai ta ɓare ta zama gyambo, irin wanda muke gani a bayan majinyacin da ya daɗe kwance ba a juya shi. Bambancin, su kullum ana zuba musu ruwan gishiri a kan ciwon.

Maman Ilham: Wallahi haka aka kwatanta, musamman shi mijin, gyambunan sun fi cin sa. Wurin da na ajiye littafin na tashi na sha ruwa shi ne wurin abinci. Sun manta da ƙugiyoyin kamun kifi a jirgin. Sai matar ta ɗauko fil, irin wanda muke maƙale mayafi da shi, ta lanƙwasa ta mai da shi ƙugiya. Da shi suka yi ta kamun kifi. Kunkurun teku kuwa da hannu suke cafko shi idan ya zo gogar jikin robar, su kifar da shi a kwale-kwalen su yanka. Tsuntsayen teku su sauka kusa da su, ba su san tsoron mutum ba, su damƙe. Har ƙananan kifin shak sun kamo ta wutsiya. Duka ɗanye, babu wuta. Har idon kifi suke tsotsa don ɗan ruwan da ke ciki.

Ɗan Yauri: Fil! Kai, matar nan da a garinmu take da an ba ta sarautar ruwa. Kuma ku lura, ba sa'a ce kawai ba. Duk abin da ya daɗe yana yawo kan ruwa, gansakuka na kama ƙasansa, ƙananan halittu su taru, kifi ya biyo su don ci da inuwa, manya su biyo ƙanana. Tantin nasu da kansa ya zama kasuwa. Mu ma idan muka ga kututture na yawo, can muke jefa taru. Kunkurun nan kuma ɗan'uwan kififiyarmu ne, yana da kitse, kuma kitsen ne ke riƙe mutum, ba tsokar ba.

Hajiya Turai: Subhanallahi, ɗanyen kunkuru. Malam Habu, da Musulmi ne ya halatta?

Malam Habu Gwammaja: Hajiya, ai masu tafiya a teku ne suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan teku saboda guzurin ruwansu kaɗan ne, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin teku halal ne. Ko da ma abin haram ne, larura tana halatta gwargwadon abin da zai tsare rai. Tsuntsun ne yake buƙatar yanka. Wannan ba wurin da matsala take ba.

Baban Sadik: To na ji, sun iya kamun kunkuru. Hajiya ki dawo kan maganarki, ta yaya ta riƙe shi? Don na san inda za a je, yanzu za a ce maza ba su da zuciya.

Maman Ilham: Kai ka faɗa, ban faɗa ba. Ga abin da ya faru. Jirage bakwai suka wuce su ba su tsaya ba. Bakwai. Wutar neman agaji da ake harbawa sama, wasu suka ƙi tashi, sauran suka ƙare. Duk jirgin da ya wuce, mijin sai ya ƙara karaya. Shi ne mai lissafi, ya san sun fita daga hanyar da jirage ke bi, ya san robar ba za ta daɗe ba, yana ganin laifinsa ne tunda shi ne kyaftin. Ya kai inda ya cire rai gaba ɗaya. Ita kuwa kullum tana da abin yi. Tana rubuta abin da ya faru kowace rana. Tana yin alamar kwanaki a jikin rufin. Ta yayyanka takarda ta yi musu karta suna bugawa. Ta sa shi suna tsara jerin abincin da za su dafa wa baƙi idan sun koma. Mafi ban mamaki, ta sa shi suna zana sabon jirgin da za su ƙera, ina za a sa gado, ina za a sa murhu. Mutum na zaune a kan robar da ke sacewa, wai yana gardamar inda za a sa kabad.

Shi da bakinsa bai taɓa ɓoyewa ba daga baya, ya ce ba don ita ba da bai rayu ba.

Baban Sadik: Wannan rashin sanin haɗari ne ya taimake ta. Wanda bai san zurfin rijiya ba shi ke rawa a bakinta. Shi ya san gaskiyar lamarin, ita ba ta sani ba.

Anti Bilki Nas: Haba Yaya. Matar da ba ta iya iyo ba, shak na dukan ƙasan robar da take zaune a kai, ka ce ba ta san haɗari ba? Ta sani sarai. Shekarata goma sha tara a ɗakin majinyata. Akwai mai jinyar da za ta fito baranda ta yi kuka har ta gode Allah, ta wanke fuska, ta koma ciki tana yi wa mara lafiya zancen ɗinkin Salla. Ba jahilci ba ne, aiki ne, kuma ya fi ɗaukar bokiti wahala. Ni na ga wanda sakamakon gwajinsa ya fi na maƙwabcin gadonsa kyau, amma ya juya fuska bango ya daina cin abinci, aka sallami maƙwabcin shi aka fitar da shi a makara.

Malam Habu Gwammaja: Mu dai kada mu manta, kwana ne bai ƙare ba. Mai rabon ganin baɗi ko ana ha maza ha mata sai ya gani.

Anti Bilki Nas: Babu musu Malam. Amma kai ka kawo zancen ɗaure raƙumi ɗazu. Kartar nan da zanen jirgin nan su ne igiyar.

Sadiya Ɗalibar Lissafi: Ku yi haƙuri in katse ku. Na duba na ga littafin da su da kansu suka rubuta a 1974 sunansa na cewa kwana 117 ne. Amma na ƙirga: daga 4 ga Maris zuwa ƙarshen wata 27, Afrilu 30, Mayu 31, Yuni 30. Ya kama 118. Wa ya ci kwana ɗaya?

Maman Ilham: Lissafinki daidai ne 'yata. Rahotannin farko ne suka ce 117, lambar ta riga ta bazu, sai aka bar ta a sunan littafin.

Ɗan Yauri: Wanda ya ci kwanan nan bai taɓa kwana kan ruwa ba, da bai yar da shi ba.

Injiniya Fatakwal: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina aiki da jiragen da ke hidimar rijiyoyin mai a teku. Game da jirage bakwai ɗin nan, kada ku ɗauka mugunta ce. Daga saman babban jirgi, tanti irin wannan ɗigo ne, igiyar ruwa ta ɗaga shi ka gan shi daƙiƙa ɗaya, ta sauke shi ya ɓace. Roba kuma ba ta fitowa da kyau a na'urar hango abubuwa. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke gadi a sama, shi ma idonsa na kan takarda. Yanzu akwai 'yar na'urar da in ta taɓa ruwa take aika wa tauraron ɗan'adam inda kake, a 1973 babu wannan tsarin.

Mu nan labarin da muke ba sababbin ma'aikata na Harrison Okene ne, mai dafa abinci a jirgin Jascon 4 da ya kife a gaɓar Najeriya a watan Mayun 2013. Jirgin ya sauka ƙasa kusan mita 30, shi ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da ruwan sanyi kusan awa 60. Masu nutso sun sauka ɗauko gawarwaki ne, sai hannu ya kamo ɗayansu. Su goma sha biyu ne a jirgin, shi kaɗai ya fita. Abin da ya sa na kawo shi, daga baya mutumin nan ya koyi aikin nutso ya koma cikin ruwan.

Maman Ilham: Injiniya ka riga ni. Su ma haka! Jirgin Koriyar ma kamar zai wuce, sai ya juyo. Aka ɗauko su ba sa iya tsayuwa, kowannensu ya zubar da kusan kilo 18, ruwa ya ja su kusan kilomita 2,400. Ma'aikatan jirgin suka yi ta jinyarsu har aka sauke su a Honolulu, babban birnin Hawaii ta Amurka. Kuma jirgin nan da suka zana a kan robar? Sun ƙera shi. Auralyn na biyu. Suka sake shiga teku har Fatagoniya, can ƙarshen Kudancin Amurka.

Baban Sadik: Inna lillahi. Na rantse da na fara tausaya musu. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, su sun ji hohon ma sun koma.

Hajiya Turai: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar zaman. Zo mu zauna zo mu saɓa. Ni da Alhaji shekara talatin da ɗaya, amma in ya ɓata mini rai ina da ɗakina, ina da maƙwabta, in ta yi zafi ina da gidanmu. Wannan wuri ne da bai fi tabarma ba, ƙafarka kan ƙafarta, babu bayan gida, babu labule, babu inda za ka juya ka yi fushi. Wata shekara motarmu ta lalace cikin dare a hanyar ƙauye, awa shida kacal, kafin gari ya waye mun tono laifin da aka yi tun ina amarya. Maman Ilham, ba su yi faɗa ba?

Maman Ilham: Sun yi mana Hajiya, harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai dai babu yaji a teku. Ka gama faɗa, lokacin famfo ya yi, dole ka miƙa wa abokin faɗan. Kuma ni abin da na lura, tun a tudu haka aurensu yake. Shi mutum ne mai ƙunci, ba ya son shiga mutane, bai ji daɗin yarintarsa ba. Ita ce ma ta kawo shawarar a sayar da gidan a koma jirgi. Tekun bai canza su ba, ya dai cire musu rufi ne aka ga yadda ginin yake.

Baban Sadik: Tsaya, tsaya. ITA ta kawo shawarar? To ashe ita ta jefa shi, dole ta fitar da shi! Tun ɗazu ake ɓoye mini wannan.

Anti Bilki Nas: Rediyon fa, ita ta hana ɗauka?

Baban Sadik: Wannan kuma wata magana ce daban.

Sadiya Ɗalibar Lissafi: Suna raye har yanzu? 'Ya'yansu fa?

Maman Ilham: Ba su haihu ba, tun farko suka yanke hakan a tsakaninsu. Ita ta rasu a 2002, ciwon daji. Shi ya rayu har 2018, shekara goma sha shida shi kaɗai. Wallahi wannan ɓangaren ya fi na tekun taɓa ni. Can yana da mai ce masa tashi ka ba roba iska. Wani abin kuma, bayan duk kunkurun da suka yanka, daga baya sun daina cin nama.

Ɗan Yauri: Wannan na fahimce shi. Kakana da ya tsufa ba ya son ganin ana fasa kififiya a gabansa, sai ya tashi ya bar wurin, kuma shi ya koya mana yadda ake yi.

Malam Habu Gwammaja: Baban Sadik, gobe in Allah ya kai mu zan tambayi Maman Sadik, in an ce ta zaɓi wanda za ta zauna da shi kwana 118 a kan roba, kai ne ko rediyo.

Baban Sadik: Malam kada ka haɗa ni da gida, da ƙyar aka shirya shekaranjiya. Hajiya, littafin shafi nawa ne? Ba wai zan karanta ba ne, ina so in duba wurin rediyon nan da idona.

Maman Ilham: Sai dai ka bi layi, Anti Bilki ta riga ka ta akwatin sirri. Kuma na ƙanwata ne, ta ce ranar Juma'a take son abinta.